Tagar Ɗakin Gabas

Kawu yana kaɗe garin katako daga rigarsa sai motar kwamiti ta tsaya gaban baranda. 'Yar ƙanwarsa, mai zanen gini da aka damƙa wa gyaran tsohon gidan Baturen mulki, ta matso kusa da shi.

"Kawu, don Allah ka bar ni in yi bayani. Ka san bakinka."

"Bakina ya girmi takardarki," in ji shi, amma ya ja baya.

A kan tagogi ake rigima. Goma sha huɗu ne, duk na katako, gara ta yi musu cin ƙoshi. Ɗan kwangila ya dage a ɓalle su a sa na alminiyon. Ita kuwa ta roƙi a ba Kawu, tsohon kafinta, mako uku ya gyara guda ɗaya a gani. Yau wa'adin ya cika; in tagar ba ta gamsar ba, gobe duk su zama itacen girki.

Kawu bai yarda da sabon katako ba. Ruɓaɓɓiyar ƙofar kicin ya tsaga, ya zaɓi ɓangaren da ke da sauran lafiya, tsaran tagar a shekaru, ya haɗa ba ƙusa ko ɗaya.

Shugaban kwamiti ya zaga gidan, ɗan kwangila na biye yana soka makullin mota duk inda gara ta ci. A ɗakin gabas shugaba ya tura wata taga da yatsa ɗaya. Ta buɗe ba ƙara.

"Wannan ba a taɓa ta ba, amma ku dube ta," ya ce. "Aikin Bature ke nan. Wa zai iya wannan yau? To, ina wadda aka gyara?"

Daɗi ya cika Kawu har wuya, ya manta an hana shi magana.

"Ranka ya daɗe, hannunka na kanta."

Shugaba ya sa tabarau, ya nemi haɗin sama da ƙasa, bai samu ba. Ɗan kwangila ya mayar da makullinsa aljihu.

"A bar katakon," in ji shugaba. Ya juyo. "Baba, sauran sha ukun fa? Za ka iya kwaikwayon Baturen har ƙarshe?"

"Mahaifina ne ya yi su," in ji Kawu. "Bature zama kawai ya yi a ciki."