Duk Mun Fito Daga Firam

Shekara shida ina gyaran hoto a shagona, amma ko aikina ɗaya bai taɓa hawa bangon Umma ba. Kalandar wani kamfanin taya ce rataye a saman doguwar kujerarta, shekararta ma ta wuce tuntuni. In maƙwabta suka tambaye ta sana'ata, sai ta ce, "Yana dai danne-danne a kwamfuta." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na ƙudura sai na sauke kalandar nan da aikin hannuna.

Akwai wani salo da na ƙware a kai. Sai in ɗora hoto biyu iri ɗaya, ɗaya kan ɗaya, in zana farin firam a ɗan karkace, in goge duk abin da ke wajensa, amma in bar hannun mutum ko ƙafarsa ta tsallake layin, in sa mata 'yar inuwa a ƙasa. Mai kallo sai ya rantse mutumin fitowa yake daga hoton. Sirrin kuwa abu ɗaya ake fitarwa, sauran su zauna a ciki.

Na zaɓi hoton ranar da mu 'ya'yanta huɗu muka haɗu a falon Umma, abin da muka fi shekara biyu ba mu sake yi ba. Umma a tsakiyar kujera, Yaya babbanmu a damanta, Anti Nas a hagunta, ni a tsaye a baya, Auta kuma a ƙarshen kujera ta miƙo ƙafa gaba. Ƙafar ce kusa da kyamara, don haka ita na fitar. Awa uku ina bin gefen takalminta har da igiyarsa. Sai rawar kai ta ɗebe ni na tura wa 'yan'uwana a waya su gani.

Washegari ina buɗe shago na tarar da Yaya a ƙofa. Bai ko zauna ba, ya dangwara wayarsa kan teburina.

"Wato ina raye Auta ce za ta riga ni fita?"

"Yaya, ba maganar girma ba ce. Ƙafarta ce a gaba."

"Ni ba ni da ƙafa ke nan?"

Na buɗe hoton muka duba tare. Gaskiyar magana, abin da ya fi kusa da kyamara a jikin Yaya tumbinsa ne, kuma na faɗa masa. Ya yi mini wani kallo, ya ce hannunsa mai agogo yake so. Don hannun ya fito dole na jawo gefen firam ciki daga dama. Ya tsaya a kaina har na gama, yana cewa in ƙara wa agogon haske.

Anti Nas ba ta zo ba, saƙon murya bakwai ta turo. Taƙaitawarsu ita ce ita ta yi rainonmu ni da Auta, kuma ba za a bar ta a matse kamar mai jiran layin likita ba. Jakarta da kafaɗarta take so a waje. Na jawo firam daga hagu.

Sai Auta ta kira tana shagwaɓa, wai ƙafa kawai aka fitar mata, wa zai san tata ce? A fitar da ita zuwa ƙugu. Yaya ya ji labari ya ce in ƙugu ne shi gaba ɗayansa. Anti Nas ta turo saƙo na takwas, ita ma gaba ɗayanta, Auta ta bi sahu. Kwana huɗu ina matse firam, ina gogewa, ina zana inuwa, har idona ya fara ganin mutane biyu-biyu. Na yi musu bayanin cewa in kowa ya fito salon ya lalace, babu wanda ya saurare ni. A ƙarshe zuciya ta ɗebe ni na ce ni ma ba a bayan ƙofa aka tsince ni ba, na sauko da saman firam na fitar da kaina har ƙirji. Na buga babba ba tare da na sake kallonsa ba, don na gaji da fuskokinsu.

Ranar kai wa Umma duk suka zo, kowa yana son ganin fitowarsa. Na jingina hoton a kujera na yaye takardar. Yaya ya nuna agogonsa, Anti Nas ta ce inuwar jakarta ta yi kaɗan. Umma ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. A lokacin na lura firam ɗin ya koma ɗan ƙarami, babu kowa a cikinsa sai ita, zaune da hannuwa a cinya.

"Wa ya gaya maka ka yi shi haka?" ta tambaye ni.

Na fara kame-kame ina nuna Yaya.

"Ya yi daidai," ta ce. "Duk kun fita, ni kaɗai a ciki. Ai haka gidan yake kullum."

Yaya ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don rabona da gidan wata uku, kuma shagona tafiyar minti ashirin ce.

Umma ta miƙe da kanta ta cire kalandar taya, ta naɗe ta, ta nuna mini ƙusar.

"Rataya shi nan. Ashe dai aiki kake yi." Ta sake leƙa hoton ta saman tabarau. "Sai dai ka gaya wa Auta ta ja ƙafarta, kar takalmin ya ɓata mini bango. Wanda kuma yake so a mayar da shi ciki, ya san hanyar gidan."