Gashin Ragon Turai

Malama Lucia ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Kowa a layinsu na Samaru ya san haka, har mijinta Reuben, wanda ya shekara talatin yana jiran ta ce masa "yi haƙuri" har ya gaji ya daina jira. In ta yi maka laifi, sai dai ka ga kwanon dambu ya iso gidanka, kai kuma ka gane da kanka.

To, a daminar shekarar 2005 ta yi wa 'yarta Hope laifin da ya fi ƙarfin dambu. Hope ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a Ingila, za ta tashi a ƙarshen watan Satumba. Ranar da ta kawo labarin da murnarta, Lucia ta dube ta a gaban ubanta ta ce, "Je ki. Ki je ki yi ta wanke tsofaffin wasu, naki tsofaffin kuma su ji da kansu." Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Abin yana cin Lucia a rai, don ta san in yarinyar ta tafi da wannan magana a kunne, da ita za ta zauna a can.

Lucia malamar firamare ce, amma in ta taso daga makaranta kaɗi take yi. Ba don sayarwa ba, don jin daɗinta kawai. A ƙauye ta koya wurin kakarta Doguwa, kuma har yanzu da mazarin tsohuwar take aiki. Maƙwabta kan tsokane ta su ce, "Malama, da masaƙun Kaduna suka rufe, ke kika karɓi aikinsu?" Ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Auduga ta sani kamar tafin hannunta, daga gurza har shiɓa.

Ana cikin wannan zaman doya da manja sai maƙwabcinsu Dokta Eric, likitan dabbobi, ya shigo da wani buhu cike da gashin rago. Ya ce a gonar da yake aiki akwai wani ragon Turai guda ɗaya da suke gwaji da shi, zafi ya dame shi suka aske shi.

"Na tuna ke mai kaɗi ce, Malama. Da wannan mutanen can suke maganin sanyi."

Nan take Lucia ta san abin da za ta yi. Za ta kaɗa shi, ta saƙa wa Hope mayafin wuya. Abin da baki ya kasa, hannu zai faɗa.

Matsalar ita ce ba ta taɓa ganin irin wannan gashi ba. Tumakinmu gashinsu gajere ne, a kwance, ba mai waiwayarsa. Wannan kuwa ya yi cunkus, ga maiƙo, ga ƙarangiya, ga busasshen kashi. Ta ɗauko dutsen gurza ta zauna, sai ta tuna babu ƙwaya a ciki balle a gurje, ta mayar da shi tana tsaki. Ta gwada bakan shiɓa, gashin ya manne wa tsirkiyar ya ƙi tashi. A ƙarshe da yatsu ta riƙa tsefe shi, tana bi da wani tsohon matajin kai. Da ta ɗora shi a mazari ta murza da ƙarfi yadda auduga ke so, zaren ya yi tauri ya ƙudundune a hannunta. Ta sassauta, ya tsinke. Kwana uku tana yi wa mazari faɗa kamar shi ya yi laifin, kafin hannunta ya gano murzar da gashin yake so, ita kanta ba za ta iya gaya maka yadda aka yi ba.

Ga kuma wari. Gidan duk ya koma kamar turken raguna. Reuben ya ɗauki kujerarsa da rediyonsa ya koma ƙofar gida, don ya san matarsa. Hope takan dawo daga aiki ta wuce ta toshe hanci, ta ce, "Sannu da gida, Mama." Lucia ta ce, "Yauwa." Shi ke nan.

Mako uku tana kaɗi, mako guda tana saƙa da kwarashi. Mayafi ya fito tsawon gaba guda, mai laushi, amma launinsa kamar an share kicin da shi, kuma warin rago yana nan daram. Saura kwana huɗu tafiya. Lucia ta ce wannan ai ba matsala ba ce. Zaren auduga in ya yi datti dafa shi ake yi, haka ta ga kakarta tana yi, kuma bai taɓa cin amanarta ba.

Ranar Asabar da hantsi ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta zuba sabulun salo, ta jefa mayafin, ta yi ta juya shi da muciya. Ta tsamo shi ta cuɗa, ta buga shi a kan dutsen wanki, ta dulmiya shi cikin ruwan rijiya mai sanyi. Don ta tabbata, ta sake maimaitawa.

Da ta ɗaga shi sai ta tsaya. Ya yi fari tas, warin ya tafi. Amma abin da ke hannunta bai kai kamu biyu ba, ya yi kauri ya sandare kamar hular dara. Saƙar ma ta ɓace, ba ka ganin zare ko ɗaya. Ta leƙa tukunya ko sauran yana ciki. Ta zubar da ruwan ta sake leƙawa. Ta ja shi da hannu biyu, ta taka gefe ɗaya ta ja ɗayan, ko gezau.

"Baban Hope, ka taɓa mini abin nan?"

"Ni da ko kusa da shi ba na iya zuwa?"

"To ina sauran ya tafi?"

Reuben ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wataƙila ragon ba shi da lafiya. Dokta Eric kuwa ya yi tafiya. Lucia ta cusa abin a jaka ta hau motar Sabon Gari, tana ta bitar abin da ta yi ɗaya bayan ɗaya ba ta ga inda ta kuskure ba.

A kasuwa ta nufi shagon Amaechi, inda take sayen kwarashi da allura. Ya karɓa ya latsa da babban yatsa.

"Chai! Mama, ruwan zafi kika sa?"

"Da me ake wanki in ba ruwan zafi ba?"

Ya ɗauko wani ƙunshin ulu na waje daga saman kanta, ya nuna mata takardar jikinsa. Ya ce an rubuta kada a sa ruwan zafi, kada a cuɗa. Ulu na gaskiya in ya ji zafi da sabulu da cuɗa, gashin sai ya kama juna, kuma ba ya sakewa har abada.

"Ya kama juna da me? Hannu gare shi? Shi ragon ba ya shan rana ne, ruwan sama ba ya dukansa? Me ya sa bai tsuke a jikinsa ba?"

Amaechi ya sosa ƙeya, ya ce wannan kam bai sani ba. Ya miƙo mata zaren kamfani mai launi, ya ce in ta dage kwana uku za ta gama wani. Ta shafa shi, ta ji santsin roba, ta ture. Kowa ma zai iya sayen wannan. Sai ta ji hawaye na neman zubo mata a tsakiyar kasuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata guda na aikinta ya tafi, kuma ba ta da abin da za ta miƙa wa 'yarta.

"Mama, kar ki yar fa," in ji Amaechi, yana sake latsawa. "Ɗan'uwana mai ɗinkin takalma irin wannan yake nema ya sa a cikin takalmi, ba ya samu. Yayata tana Ingila, inda kika ce 'yarki za ta. Ta ce sanyinsu ta ƙafa yake shiga."

Lucia ta karɓe kayanta ta hau motar komawa gida. Har motar ta wuce Kwangila tana tambayar kanta yadda ruwa zai cinye rabin mayafi bai bar ko zare a tukunya ba.

Ta tarar da Hope a ɗaki tana shirya akwati, ga wasu rufaffun takalma da ta saya a gwanjo a gefen gado. Lucia ta shimfiɗa abin a ƙasa, ta ciro biro daga jaka.

"Ɗora ƙafarki a nan."

"Mene ne wannan, Mama?"

"Mayafin wuya ne. A da. Ni ma ban san abin da ya zama ba. Ɗora."

Hope ta dubi abin, ta dubi uwarta, sai ta gane aikin wa aka yi wata guda ana yi a gidan nan. Ta ɗora ƙafar dama a hankali. Lucia ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta kama diddigen da hannun hagu, ta fara zagaya ƙafar da biro don ta san inda za ta yanka. Rabonta da riƙe ƙafar nan tun tana cika tafin hannunta kawai. Yanzu ga kaushi a diddige, na tsayuwar asibiti, wanda ba ta taɓa lura da shi ba.

Biro ya zagayo ya haɗu da inda ya fara. Ta sake bi ta kan layin. Ta kuma bi.

"Mama," in ji Hope, "ya fito ai. In kawo ɗayar?"

"Tukuna," in ji Lucia, kanta a sunkuye, ta ƙara riƙe diddigen.