Makullin Aji Uku

A ƙungiyar nan ta matasa masu fafutukar gyaran makarantu, ba a tambayar sabon ma'aikaci digirinsa sai an tambaye shi firamaren da ya yi. Suna da wata doka da ba a rubuta ko'ina ba: duk makarantar da za a kai kukanta gaban hukuma, wanda ya zauna a ajinta shi zai yi magana. Dokar ta samo asali ne ranar da wani babba ya katse jagorarsu, wadda suke kira Shugaba, tana tsakiyar jawabi ya ce, "Yarinya, kin taɓa shiga makarantar nan kuwa?" Ba ta taɓa ba. Aka yi mata dariya, ta dawo ofis tana huci, ta rantse ba za a kuma ba.

Shi ya sa ofishin ya tara mutane kala-kala. Ita Shugaba 'yar tela ce, ta yi makarantar da babu banɗaki, inda 'yan mata ke tafiya gida lokacin tara, wasu su tafi ke nan. Dogo kwandastan mota ne a da, ya bar karatu a aji huɗu don malaminsu ya daina zuwa. Shi ke ɗaukar lasifika, ko da yake muryar da Allah ya ba shi ba ta bukatar taimakon kowa. Lauya ya fara karatun shari'a bai gama ba, amma gardamar ya kwaso ta duka, ko fankar ofis ta tsaya sai ya nemi hujja. Sai Auta, ƙaramarsu, wadda ta yi firamaren bayan kasuwa. Mahaifinta ne hedimastan makarantar, kuma ritayarsa ta kusa.

Da hantsi Dogo ya ajiye wayarsa a kan tebur, kowa ya leƙa. Hoton bangon aji uku ne na wannan makarantar. Wata tsagewa ta taso daga tushe ta haura har ƙarƙashin kwano, kuma Dogo ya zura hannunsa ciki har wuyan hannu don a ga faɗinta. A gindin bangon yara ne zaune a jere.

Auta ta gane bangon nan take. Ta san tsagewar tun tana kamar zare, ita da ƙawayenta suna cusa mata guntun alli.

"Gobe Daraktan ilimi zai saurari iyaye a zauren taro," in ji Shugaba. "Damina ta kankama. Bangon nan ba zai jira mu ba."

Duk suka juyo suna kallon Auta.

"A ba wani," ta ce. "Ku kun san Baba ne a wurin."

Lauya ya gyara zama. "Ai kowace doka tana da ƙofar fita. In mai magana yana da alaƙa da..."

"Kai dai ka yi mana shiru," in ji Shugaba. Ta sassauta murya ta dubi Auta. "Ƙanwata, in na tashi, tambayar nan zai yi mini, ya watsa mu a gaban iyaye. Ke kaɗai ce ba zai iya yi wa haka ba. Ba sai kin ambaci Baba ba. Bango za ki faɗa, ba mutum ba."

Auta ta ƙura wa hoton ido. Abin da ke cin ranta shi ne ta san abin da su ba su sani ba. Baba ya sha zuwa ofishin Darakta da ƙafarsa a kan bangon nan, ana ce masa ya lallaɓa. Ya taɓa fitar da yaran gindin bishiya, mai duba makarantu ya zo ya ce abin kunya ne a idon masu wucewa, ya sa aka mayar da su. Baba mutum ne mai gudun rigima, ga fansho a gaba, sai ya haɗiye. Kullum hadari ya haɗu, shi ke tsayawa a ƙofar aji uku yana kallon sama.

Washegari da safe ta same shi a tsakar gida yana goge takalminsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ni zan yi maganar aji uku yau."

Burushin ya tsaya a hannunsa, sannan ya ci gaba. "An ce dukkan hedimastoci su halarta," ya ce. "Zan zo." Bai ce ta yi ba, bai ce kar ta yi ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo a wurinta.

Zauren ya cika maƙil. Iyaye a kan benci, hedimastoci a layin gaba kowa ya sha guga, Darakta a bisa dandamali da ruwan gora a gabansa. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ke sa na ƙasa da shi su riƙa duba ina suka yi kuskure. Auta ta hango ƙeyar Baba, ta kawar da kai.

Da aka kira ƙungiyarsu ta miƙe. Muryarta ta fito 'yar siririya, har wata uwa daga baya ta ce ba a ji. Ta sake farawa. Ta faɗi tsagewar, ta faɗi yadda ƙasa ke zubowa a kan littattafai in babbar mota ta wuce, Dogo ya ɗaga hoton da suka buga babba. Zauren ya ɗauki guna-guni.

Darakta ya jawo makirufo yana murmushi. "'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma hoto kowa na iya ɗauka. Ke kin taɓa shiga ajin nan?"

Ga tambayar da suka yi shekaru suna jira. "Na zauna a cikinsa, ranka ya daɗe," in ji Auta. "A gindin wannan bangon aka koya mini raba lamba. Wurin zamana yana dab da tsagewar."

Iyaye suka ɗau tafi. Shugaba ta lumshe ido don daɗi. Shi kuwa Dogo, da murna ta ɗebe shi, ya manta bai kashe lasifikar da ke hannunsa ba, ya daka tsalle.

"Wa zai gaya mata makarantar? Ai 'yar hedimastan ce ma!"

Shugaba ta dafe kai. A ofishinsu asalin mutum abin alfahari ne, da shi ake ado, shi ya sa bai taɓa zuwa wa Dogo a rai cewa a nan makami zai zama ba.

Murmushin Darakta ya ƙara faɗi. "Au, haka ne? Ina hedimastan? Malam, tashi mu gan ka."

Baba ya miƙe a hankali, hannayensa a baya kamar ɗalibi. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Malam, ashe a gidanka an san bangon nan zai faɗi, 'yarka ta sani, ƙawayenta sun sani, ni ne kawai ban sani ba?"

"Na zo na faɗa maka, ranka ya daɗe."

"A rubuce?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"To, jama'a kun ji. Mutum ya zuba 'ya'yanku a ƙarƙashin bango yana kallo, sannan ya turo 'yarsa ta shafa wa hukuma kashin kaji. Malam, ka miƙa wa mataimakinka makullai yau, ka zauna a gida sai an gama bincike. Bango kuma za mu kafa kwamiti."

"Ƙarya ne!" Auta ba ta san lokacin da ta faɗa ba. "Ya je wurinka! Ya fitar da su gindin bishiya, ku kuka ce..." Wani ya kashe makirufo. Lauya ya tashi yana kawo sashe da ƙaramin sashe, ba mai jin sa. Wasu iyayen na zagin Darakta, wasu na hararar Baba, kuma hararar nan ce ta sa hawayen Auta suka zubo.

A waje Dogo ya tare ta, duk tsawonsa ya tsuke. "Wallahi Auta, ni don a ƙara yarda da ke na faɗa."

"Na sani," ta ce, ta wuce shi. Ba ta da sararin lallashin kowa.

Ta bi Baba a baya har makaranta, ba ta kuskura ta jera da shi ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ya shiga aji uku, ya fito da yaran a layi, ya raba su sauran azuzuwa, ya ja ƙofar ya datse kwaɗo. Sannan ya miƙa wa mataimakinsa tarin makullai, ya ɗauko jakarsa da 'yar butarsa ya fito.

Ta karɓi jakar. Suka kama hanyar gida.

"Baba, ka yafe mini. Na janyo maka."

"Da farko muryarki ta yi ƙasa," ya ce, idonsa a kan hanya. "Sau nawa zan gaya miki, in kina magana a gaban jama'a ki ɗaga kai, ki nufi na layin baya?"

Ta yi dariya cikin kuka. "To fanshon fa?"

"Ban sani ba, Auta. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba."

Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka. Baba ya tsaya ya waiwaya wajen makarantar, kamar yadda ya saba duk lokacin da hadari ya haɗu. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli guda ɗaya, ya damƙa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Na ba su sauran duka," ya ce. "Wannan na aji uku ne. Ki adana shi inda ko ni na roƙe ki ba za ki ba ni ba."