Maganar da Aka Yi a Mota

Kafintan nan mutum ne mai baki, in ya fara hira sai an janye shi. Amma magana ɗaya ta maƙale masa a wuya, ga shi babban ɗansa, Dogo, ya sami aiki a wani gari, yau zai tafi.

Tun yana saurayi likita ya cire wa kafinta ɗan maraina ɗaya saboda ciwon daji. An kama abin da wuri, ya warke sarai. Kwanaki da ya je a duba shi, likita ya ce ya koya wa 'ya'yansa maza duba kansu, don ciwon yakan bi jini. To, ta ina uba zai fara?

"Ka faɗa masa?" matarsa ta tambaya tana ɗaure jaka.

"Zan faɗa."

"Haka ka ce jiya. Bakin naka na kasuwa ne kawai."

Sai ya ce shi zai kai yaron tasha a tsohuwar motar da yake ɗaukar katako. Dabara ce. A mota kowa hanya yake kallo, ba mai ganin idon wani.

Suka wuce gidan mai, yana ta zancen tayoyi. Da ya hango tasha, ya yi gyaran murya ya faɗi labarinsa, ya zarce ba numfashi.

"Sau ɗaya a wata, bayan ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka riƙe kowane ɗan maraina tsakanin babban yatsa da sauran, ka mirgina a hankali. In ɗaya ya ɗan fi sauka, ba komai. Amma in ka ji ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake, ko kumburi, ko nauyi, ka tafi asibiti. Kada ka jira zafi, nawa bai yi zafi ba."

Dogo ya ƙura wa madubin gefe ido kamar an ba shi gadinsa. Can ya ce, "Baba, wannan kafin a haife ni ne?"

"Kafin."

"Ke nan mu shida duk da guda ɗaya?"

Kafinta ya fashe da dariya har motar ta yi tangaɗi. Da ya tsaya a bakin tasha ya ce, "Kai, ɗan banza, sauka ka ba ni wuri."

Dogo ya sauke jakarsa, ya zagayo wajen tagar ubansa. Wannan karon ya dube shi ido cikin ido.

"Zan riƙa yi, Baba. Shi kuma Auta ka bar mini shi, in na zo hutu ni zan koya masa. Na ga wahalar da ka sha."

Daɗi ya kama kafinta. Ya ɗaga masa hannu, ya jira har motar su Dogo ta tashi.