Inna ta Cikin Baƙin Kaset

"Ka taɓa ta ka gani," in ji Hussaina. "Ka goge matar nan, Gambo, ni da kai sai a lahira."

"Yaya, ni me na ce? Cewa kawai na yi jan kaset ya fi baƙin."

"Ya fi a gidan uban wa?"

"To ai ubanmu ɗaya."

Ni Kulu ina zaune a bakin shagon da tiren soyayyen kifina, na juya musu baya ina korar ƙuda. Ba laɓe nake ba. Inuwar ce ta fi kyau a wurin, kuma ƙofar kwano ba ta iya riƙe magana ba.

Wanda bai zauna Madarumfa a shekarun nan na bayan karya darajar kuɗin sefa ba, zai ce wace irin hauka ce wannan. Hussaina tagwaye ne ita da Hasan, Gambo ne ke bi musu, kamar yadda sunansa ya faɗa. Hasan shi ne mai gyaran rediyo da injunan ban-ruwa na masu lambu. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa akwatin gwanjo daga Kwatano, mai igiya da ake jonawa da tele, wato talabijin, da kaset biyu masu kauri kamar sabulu, ɗaya ja ɗaya baƙi. Ba fim ba ne. Mutum ne zai fito a gilashi, kai kana riƙe da abin dannawa, inda ka ce ya je can zai je. Ya shiga daji, ya shiga kogo, ya sayi takobi, ya kashe dodanni. Maza da gemunsu sai su ɗauko batirin mota su wuni a kai. Da idona na ga wani ɗan canji na garin Ɗan Issa yana share hawaye, wai kunama mai kai uku ta kashe masa yaro.

Daminar da ta wuce Hasan ya shiga kwalekwale zai tsallaka tabki gyaran wani inji. Ruwa kwance, ko iska babu. Kwalekwalen ya isa gaɓa shi kaɗai. Sai washegari masunta suka ciro shi. Shagon ya koma hannun Gambo, da akwatin, da abin da Hasan ya bari a cikin baƙin kaset.

"Ki tsaya ki ji," na ji Gambo yana cewa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Jan nan yaro ɗaya ne, mai gashi kamar gemun masara. Kowa ya zauna shi zai samu. Suna kawai za ka raɗa masa. Isa ya sa masa Isa, Mamman ya sa masa Mamman, in ya mutu ya tashi, kai kuma ka tafi gida ka yi barcinka. Amma baƙin nan, tun ba ka taka ƙasa ba ya tsare ka da tambaya. Namiji ko mace? Dogo ko gajere? Wace fuska? Mayaƙi ne, ko maharbi, ko ɓarawo, ko mai magani? Ka zauna ka ƙera mutum da hannunka. Wannan ba aikin ɗan Adam ba ne."

"Yau kuma malami ka zama? Wa na iske shekaranjiya yana tsalle ya kashe maciji?"

"Macijin ba ni na ƙera shi ba."

"Jan naka ɗan aro ne. Ɗan mutane aka ba ka ka riƙe, shi ya sa bai dame ka ba. Na baƙin kuwa naka ne."

"Abin da nake faɗa ke nan, Yaya. Naka ne, sai ya bi ka gida."

Ga inda matsalar take. Baƙin kaset mutum ɗaya tak yake iya riƙewa a cikinsa. In kana son sabo, sai ka goge tsoho. Shi kuwa Hasan mace ya ƙera. Doguwa, iyakar tsawon da akwatin ya yarda, baƙa, siririya, cikin farin tufafi har ƙasa irin na masu magani. Wurin suna haruffa huɗu kawai yake ci. Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma haruffa huɗu ba su fi ƙarfina ba. INNA ya rubuta.

To ku gaya mini. A ƙasar nan, doguwar mace baƙa cikin farin zane, ana ce mata Inna, wace ce? Ai ba mu kiran sunan aljanar nan Doguwa gatsau, ko 'yan bori sai su ce Inna, suna sunkuyar da kai. Bayan wannan kuma Hasan ya ɗauki guntun bujin inji ya kakkarce gilashin tele, layi-layi gefe biyu, daidai inda kumatunta suke tsayawa. Har mai karanta labaran Yamai in ya fito sai ka gan shi da zane a fuska. Ni dai Fati mai fura kaɗai na gaya wa, sai kuma wasu mata a gidan suna. Abin da gari ya yi da maganar bayan kwalekwale ya dawo ba kowa, ba ni na aike shi ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara taɓa baƙin kaset. Wasu ko shagon sun daina shiga. Masu ɗibar ruwa suka fara cewa suna ganin farin abu tsaye cikin ciyawar bakin tabki da almuru. Kuma akwai abin da ni ma na gani. In aka kunna aka ajiye abin dannawa, aka ƙyale ta tsaye, can sai ta juyo da kai a hankali ta kalli wanda ke zaune, ta ƙifta ido. Yaron jan kaset bai taɓa yin haka ba, shi hamma yake yi. Hussaina kaɗai ke zuwa duk Juma'a daga gidan mijinta, ta ce a kunna mata. Ba ta wasa. Ta zauna a kan benci har matar ta juyo, sannan ta tashi ta tafi.

"Ba ki kwana a nan, shi ya sa," in ji Gambo. "Ba ki san yadda take kallona ba. Ita ta ja Hasan ruwa, kowa ya sani. Ni take jira."

Na ɗan karkata kunne.

"Me muke ce wa uwarmu?" in ji Hussaina.

"Wace uwar?"

"Wadda ta haife ka."

Nan kifin da na ɗauka zan juya ya suɓuce mini. Uwarsu Delu ƙawata ce, Bagobira daga Tibiri. Wajen haihuwar Gambo ta rasu, tagwayen ko lakwal, makarantar boko, ba su shiga ba. Aka kai jaririn Safo wurin gwaggonsa, can ya girma. Don kada yaro ya ji kamar shi ya kashe ta, gidan ba a taɓa yin zancenta a gabansa ba, har abin ya zama ɗabi'a, ya yi gemu ba a daina ba. Hoto kuwa Delu ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta ba.

"Inna muke ce mata," in ji Hussaina. "Wata guda Hasan ya yi yana zaɓen fuskar nan, yana kira na in duba. Akwatin bai san tsagar Gobirawa ba, shi ne ya yi mata a gilashi. Don kai ya yi. Ya ce in ya gama kai ta ƙarshen tafiyar sai ya zaunar da kai ya ce ga ta nan. Kunya ce ta hana shi, har ruwa ya riga shi."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ta ina zan fara? Ni ma a gidan nan na tashi." Ta ja hanci. "Kunna. Ka kalle ta yau da idon kirki."

Na ji bai motsa ba.

"Gambo, kunna mana."

Ya jona wayoyin a kan batir, sai da suka suɓuce masa sau biyu. Kiɗan nan ya tashi, mai kama da sarewa a cikin rijiya. Na leƙa ta ramin ƙusa. Gidan da matar take tsayawa wayam, baƙi ƙirin, sai layukan karce a gilashi suna ƙyalli ba fuska a bayansu.

"Tun da hantsi na goge ta," in ji Gambo. "Kafin ki zo. Akwatin ya tambaye ni da Faransanci har sau biyu ko na tabbata, na ce masa wi."

Na ɗauka za ta shaƙe shi. Zama ta yi a kan bencin, a wurinta na kullum, ta ɗora hannu a gwiwa.

"Za a iya sakewa," ya ce da sauri. Ya durƙusa gaban tele. "Duk kayan suna nan, Yaya, ba abin da ya ɓata. Ga mace. Ga tsawo. Ga farin tufafi. Saura fuska, ki nuna mini."

Fuskoki suka jeru, yana dannawa suna wucewa a kan wuyan matar. Mai faɗin goshi, mai dogon hanci, mai ƙananan idanu.

"Wannan. A'a, koma baya. Tsaya." Ta matso. "Hancin ne ba shi ba. Wuce."

Suka zagaye su duka suka dawo farko. Suka sake.

"Ke da kike zuwa duk Juma'a?"

"Yi mini shiru." Ta danne idanunta da tafin hannu. "In na rufe ido ina ganinta. Yau ba na ganin komai."

Sai Gambo ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba. "Iya Kulu, mun san kina nan. Ƙamshin kifinki ya riga ki shigowa."

Na shiga ina gyara ɗankwali, na ce wucewa nake yi.

"Kin san ta," in ji shi. "Iya, don Allah. Wacce ce a ciki?"

Na sunkuya na duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya tsaya a kanta sai in ga kamar ni take jira in yi magana. Da na yi musu ƙarya na nuna ɗaya, da an tashi lafiya. Amma bakina bai taɓa iya ajiya ba.

"Ba ta ciki," na ce. "Delu ai gajera ce. Nan take tsaya mini, a kafaɗa. Kakkaura, ga wushirya, in ta yi dariya har masu wanki a bakin tabki suna ji. Kuma ban taɓa ganinta da farin zane ba, atamfa mai ja take so."

"Doguwa ce," in ji Hussaina. "Mu biyu muka gani."

"Ku ne kuke ƙanana, ɗiyata."

"Da farin zane. Ni da Hasan, ta jikin zana muka leƙa."

Sai na tuna. Ni na yi wa Delu wanka, ni na naɗe ta. Muka kwantar da ita a kan tabarma a tsakar gida, kuma mutum in an miƙe shi cikin likkafani tsawo yake ƙarawa. Na tuna ƙananan idanu huɗu a ramin zana, na tuna na daka musu tsawa su bar wurin. Wannan kam ban faɗa ba. Amma ta kalle ni, na ga ta karanta shi a fuskata.

Gambo bai lura ba. Ya danna, matar ta rage tsawo. Ya ƙara dannawa, ya ƙara mata jiki. Kanta ya sauka ƙasa, tsagar da Hasan ya karce ta tsaya sama da ita, rataye a iska, a kumatun wadda ba ta nan.

"Haka take, Iya?" ya ce, muryarsa kamar ta ƙaramin yaro. "Haka uwata take?"

"Mayar da ita doguwa," in ji Hussaina.

"Amma Iya ta ce..."

"Iya ce kuma ta ce aljana ce. Mayar da ita yadda Hasan ya bar ta."

"Yaya, wadda ya bari ba ita ba ce. Ni wadda ta haife ni nake so in gani."

"Ka riga ka kashe ta sau ɗaya yau."

Abin dannawa ya faɗi daga hannunsa. Ba wanda ya ɗauka. Muna tsaye haka, kiɗan yana ta zagayawa, sai gajerar matar nan da ba a ko raɗa mata suna ba ta juyo da kai a hankali. Ta wuce ni, ta wuce Gambo, ta tsaya a kan benci, ta ƙifta ido.

Hussaina ta miƙe. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta tsallake tiren kifina, ta fita ta buga ƙofar kwanon har ƙasa ta zubo daga rufi.