Hannun Dogara

A unguwar Coal Camp ta Inugu, duk wanda ya sami katin ɗan ƙwallo mai sa hannun Dogara, wurin Kure yake kai shi. Kure akawu ne a ofishin reluwe, mutumin kudancin Zariya. Tun rasuwar matarsa Eunice yake zaune shi kaɗai a ɗaki guda, bayan shagon wani tela.

Katunan a cikin kwalin sigari suke zuwa, kowanne da hoton ɗan wasa. Mutane na tara su, suna musaya. Amma na Dogara ya fi daraja, musamman in da sa hannunsa, domin shi ne golan da aka ce ko ƙuda bai wuce shi ba. Ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila shekaru kafin a sami 'yancin kai, tun daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da abin ya yi tsada, sai masu kwaikwayon hannu suka yi yawa.

Kure kuwa benci ɗaya suka zauna da Dogara a makarantar mishan, jirgi ɗaya ya kawo su kudu. Ya san Dogara bahago ne da aka tilasta wa rubutu da dama, shi ya sa yake fara harafin farko daga ƙasa, ya ja na ƙarshe kamar wutsiyar akuya. Yakan ce mai kwaikwayo zane yake yi, ba rubutu ba, tawadarsa takan taru inda ya tsaya yana tunani. Bai taɓa karɓar lada ba. Abin da yake samu shi ne, ran Lahadi bayan coci, mutane su cika ƙofarsa, a yi ta ambaton Dogara har la'asar. Sauran kwanakin mako, daga shi sai rediyo.

Wata Lahadi da damina, Alhaji Gwadabe, dillalin shanu mai zirga-zirga tsakanin Inugu da Fatakwal, ya zo bayan kowa ya watse. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da ruwa, sannan ya zaro kati daga aljihun riga.

"Malam Kure, duba mini wannan. Ni dai na san na jabu ne, amma a bakinka nake so in ji."

Kure ya karɓa, ya matsa bakin taga. Sabon bugu ne, irin wanda kamfanin ya fitar don bikin 'yancin kai, da tsofaffin hotuna. Katin da aka buga bayan tafiyar Dogara ba zai ɗauki hannunsa ba. Amma harafin farko daga ƙasa ya tashi, alƙalamin bai tsaya ko'ina ba. Ya daɗe yana kallo har Alhaji ya yi gyaran murya.

"Alhaji, a ina ka samo shi?"

"Wani maigadi ne a mayankar Fatakwal, gurgu. Ya gan shi a hannuna, ya karɓa ya rubuta, yana dariya. Na ce masa ya ɓata mini kati."

"Bar mini shi zuwa mako mai zuwa," in ji Kure.

Ran Asabar ya hau jirgin ƙasa. Hanya duk kurmi ne da ruwa, bai yi magana da kowa ba. A mayanka ya ratsa ta cikin caɓi da kukan shanu, mahauta suka nuna masa wata rumfar kwano kusa da ƙofa. Wani mutum na zaune a kan benci, sanda a jingine, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an ɗaure ta a gwiwa. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma tafin hannun nan mai faɗi yana nan.

"Dogara."

Mutumin ya ɗago. Bai yi mamaki ba, bai kuma tashi ba.

"Kure. Ka tsufa."

Ya matsa masa a benci. Suka zauna suna kallon ruwa na zuba daga bakin kwano. Da ƙyar labarin ya fito, guntu-guntu. Ba a ɗauke shi wasa a can ba. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, wani kaya ya faɗo masa a ƙafa, aka yanke ta, aka sa shi a jirgi aka dawo da shi.

"Yaushe?"

"An daɗe."

"Kana nan, ni ina Inugu, jirgi na tashi kullum?"

"Na san inda kake. Na ji rasuwar Eunice. Na zo har tasha, na koma." Ya shafa gwiwar. "Kai ka raka ni ranar da na tafi, ana kiɗa. Da wace fuska zan zo maka?"

Kure ya yi tsammanin kuka ko faɗa, sai ga shi suna zaune kamar baƙi biyu masu jiran mota ɗaya. Ya ce ɗakinsa zai ɗauki mutum biyu. Dogara ya girgiza kai.

"Nan Idi Gurgu suke kirana, ba mai tambayata komai. Kuskure na yi da na taɓa katin nan, hannuna ne ya yi ƙaiƙayi. Ka ce masa jabu ne, ɗan'uwa. Maganarka ake ji."

"Ban taɓa ƙarya a kan hannunka ba."

"To fara yau."

Da lokacin jirgi ya yi, Dogara ya raka shi da sanda har bakin ƙofa, ya tsaya nan, don ba a barin ƙofa ba kowa. Kure ya waiwaya sau ɗaya, ya ga har ya juya yana buɗe wa wata mota.

Kashegari Alhaji Gwadabe ya zo, ƙofar cike da mutane. Kure ya miƙa masa katin da hannu biyu.

"Yaya, Malam? Nasa ne ko ba nasa ba?"

"Alhaji, idona ya yi rauni. Ba na iya rarrabewa yanzu. Ku yi haƙuri, na bar duba kati daga yau."

Aka yi ta roƙonsa, ya ƙi. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce ciwon ido gaskiya ne, har aka kawo masa kwalli. Lahadi ta gaba mutum biyu suka zo, ta bayanta ba kowa. Ya dawo daga coci, ya cire takalmi, ya fito da kujerun da ya saba fitarwa, ya jera su a inuwa. Da rana ta karkata, ya mayar da su ciki, ya ɗora ruwan tuwo.