Sitiyari Mai Karkarwa

Sau uku cikin wata biyar ana gyara birkin tsohuwar motar kat-kat ta furoje, sau uku kuma ciwon yana dawowa. Da Lurwanu ya ɗora ƙafa a birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa kamar mai masassara, gaban mota ya ɗau rawa, wanda ke zaune a gefe ya fara salati. Furojen, wato shirin raya karkara, na rumbunan tsimi ne, buronsa, wato ofishinsa, a Birnin Ƙonni, Lurwanu kuwa shi ke kai irin shuka da takardu ƙauyukan Illela kowace Alhamis. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da makullin motar nan, ko akuya bai taɓa bankewa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Mai gyaran shi ne Labo, bakanike mai gareji a mararrabar Tsarnawa, abokin Lurwanu tun suna karen mota. Duk zuwa abu ɗaya yake tararwa. In ya ɗaga motar ya cire tayar gaba, ya juya faifan ƙarfen nan da birki ke matsewa, sai a ga faifan yana lilo kamar faifan kaba da ya kwana cikin raɓa. Karo na farko ya kai an sassaƙe faya-fayan a inji suka miƙe. Karo na biyu aka sake sassaƙa har ƙarfen ya sirance. Karo na uku ya tsallaka iyaka ya samo wasu na hannu masu kauri ya ɗaura. Alhamis uku suka yi, su ma suka murɗe.

"Wanga aikin zahi na," in ji Labo, yana tsugune yana shafa faifan da yatsa. "Ƙarhe ba shi murɗewa haka banza. Ko kana kwance bisa birki tun daga saman dutsi har ƙasa?"

"Ni za ka koya ma tuƙi?" in ji Lurwanu.

"To ko gulbi kake hwaɗawa da ita tana da zahi? Ruwan sanyi bisa ƙarhe mai wuta, shi ma yana sa haka."

"Wane gulbi cikin bazarag ga? Tsuntsu ma bai samu na sha ba."

Mutum in ya ƙware a aikinsa, kunnensa ke fara mutuwa. Lurwanu bai tsaya ya yi tunanin maganar ba. Ya ɗaga murya a gaban mai tsire da masu jiran motar Tawa, ya ce Labo gwangwanin Najeriya yake ɗaura wa mutane da sunan ƙarfe. Labo ya miƙe. Ya goge hannunsa da tsumma, ya mayar da taya, ya ɗaure notuna, ya koma ƙarƙashin wata mota. Abotar shekara ashirin ce aka bari a nan, ko sallama babu.

Ran Talata shugaban buro, wanda ake kira Mushe Mamane irin na Faransanci, ya sa aka kira Lurwanu. Mutum ne mara hayaniya, wanda in ya yi fushi muryarsa ƙasa take yi. A kan teburinsa ga faya-fayan birki biyu sababbi, cikin takarda mai maiƙo.

"Daga Yamai sunka zo," ya ce. "Tun da anka karya darajar kuɗin sefa, samun irinsu ya zama aiki. Ba wasu bayan waɗanga. Na tambayi masu sani, sun ce in gyara ya ƙi ci sau ukku, a dubi ƙahwar direba."

"Mushe, shekara goma sha ɗaya..."

"Na sani, Lurwanu. Shi ya sa nike gaya ma a zaune. In waɗanga sunka murɗe, ka aje mani makulli nan. Akwai masu jira."

Lurwanu ya san mai jiran. Wani saurayi ne da ya samu takardar tuƙi bara, kullum yana gindin itacen bedin ƙofar buro yana kallon motar. Ya fito da faya-fayan a hammata. Makullin nan ba shi kaɗai yake ciyarwa ba. Akwai matarsa da 'ya'ya biyar a Ƙonni. Akwai kuma gidan ƙauye, can bayan Tajaye, inda mahaifiyarsa Inna Uwani take zaune da Kyauta, matar ƙanensa Badaru, da marayu huɗu. Badaru direba ne shi ma. Motarsa ta ƙwace kusa da Malbaza bayan kaka, ba a kai shi asibiti da rai ba. Tun daga lokacin duk Alhamis Lurwanu yake tsayawa gida ya yi azahar, ya sha fura, tsohuwa ta gan shi da idonta.

Wani bakanike a Ƙonni ya ɗaura sababbin faya-fayan, don Lurwanu ba shi da fuskar komawa Tsarnawa. Ran Alhamis ya ɗauki hanya kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu. Da ya zo wucewa ta garejin Labo ya kau da kai yana gyara madubi. Ya bar kwalta, ya shiga jar hanya, yana lallaɓa birki, yana sauraron sitiyari. Shiru. Motar tana tsayawa cak, santsi kamar sabuwa. Amma haka take yi kullum bayan gyara, don haka zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Kafin ƙauyensu akwai dogon gangaren dutse mai lanƙwasa uku, ga tsakuwa, ga ramuka da amalanke suka tona. Ya sa giya ta ƙasa, inji yana gurnani, amma da buhu takwas na irin gero a baya dole ƙafa ta taimaka. Kafin ya kai ƙasa yana jin ƙaurin ƙarfe mai zafi yana shigowa ta taga. Ya yi ta lissafin abin da zai iya zama sanadi. Ya zargi hanya, ya zargi lodi, har saurayin gindin bedi ya zarga, ko ya yi masa wani abu ne. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ya tsayar da motar gindin aduwar ƙofar gida, inda ya saba. Inna Uwani tana bakin zaure tana jira, 'yar ƙaramar tsohuwa da yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka iso lahiya? Hanya lahiya?" ta ce, tana shafa kansa. "Shiga daga ciki, Kyauta ta dama hura. Shiga, kak ka tsaya cikin rana."

Haka take cewa duk mako, shi kuma ya shige can ƙuryar gida, ba ya fitowa sai ya yi salla ya ci ya sha. Yau ma ya shiga. Kyauta ta ajiye masa ƙwaryar fura, ya ɗaga ludayi sau biyu, ya ajiye. Hankalinsa yana kan faya-fayan nan. Ya ce bari dai ya leƙa ya ga ko akwai abin da ke gogar su, ya tashi ya fito ko takalmi bai sa ba.

Inna Uwani tana sunkuye a gaban tayar gaba. A hannunta akwai babbar ƙwarya cike da ruwa mai ɗan baƙi-baƙi, irin na rubutun allo, jikin ƙwaryar yana naso don sanyin randa. Bakinta yana motsi. Ta karkata ƙwaryar a hankali, tana saitin ramukan ƙarfen taya, daidai inda faifan yake. Ɗigon farko ya sauka, ƙarfe ya ce cuuu, ɗan tururi ya tashi.

"Inna!"

Bai san lokacin da ya isa gare ta ba. Ya cafki hannunta, ƙwaryar ta suɓuce, ta faɗi ta tsage biyu, ruwan ya malale cikin ƙasa. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta ta tashi a masaƙa. Duk tsoron da ya tara wata biyar, da kunyar buro, da abin da ya yi wa Labo, suka taso masa lokaci guda, suka fito ta bakinsa kafin ya tare su.

"Ashe ke ta! Wata biyat ina zagin bayin Allah, ashe ke ka kashe mani mota! Korata za a yi, kin sani? In anka kore ni mi za mu ci gidan ga? Ruwan allo?"

Muryarsa ta tsallake danga. Kyauta ta fito zaure da ludayi a hannu ta tsaya. Kawunan mata biyu suka leƙo ta saman zana daga maƙwabta, suka koma da sauri, don ba abin kallo ba ne ɗa ya ɗaga wa uwarsa murya. Lurwanu ya dubi hannunsa, ya ga har yanzu yana riƙe da tsintsiyar hannun tsohuwa, siririya kamar karan dawa. Ya saki.

Inna Uwani ba ta dube shi ba. Ƙasar da ta jiƙe take kallo. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ba faɗa a ciki.

"Ran da Badaru yat tahi, ta nan yab bi. Na yi mugun mahwalki, nit tai wurin malam yai mani rubutu don motatai. Ina tsaye nan da ƙwarya. Yab buga oda, yaɗ ɗaga mani hannu, wai shina sauri." Ta ci gaba da cewa, "Shi ya sa kai ban taɓa bari ka wuce ba. Rubutun kaɗan na, sai in ƙara da ruwan randa don ya ishi ƙahwahun gaba duka biyu. In na zuba ta yi huci, sai in ce alhamdu lillahi, ga sharrin hanya nan shina hita."

"Don mi ba ki gaya mani ba, Inna?"

"Ku masu aiki da 'yan lakwal, 'yan boko, dariya za ku yi mani."

Lurwanu ya tsuguna a gabanta. Yana so ya ba ta haƙuri, amma bakinsa ya kasa samo farkon maganar, sai ya ɓige da bayanin ƙarfe. Ya ce faifan yana saukowa daga dutse da zafi kamar garwashi, in ruwan sanyi ya taɓa gefe ɗaya sai ya murɗe, in ya murɗe birki ba ya kamawa daidai. Tana saurare tana gyaɗa kai. Da ya kai wurin birki ba ya kamawa, sai ta ɗago.

"Birkin ne ba shi kamawa?"

Ya so ya haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

"Kenan duk wata biyat ɗin nan," ta ce, "ni da hannuna nike..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dafa ƙirji. Tunda Lurwanu yake bai taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar uwarsa ba, ko ranar da aka kawo gawar Badaru.

"Ba abin da ya same ni, Inna. Ga ni. Kuma yau ɗigo guda ne, bai yi komi ba."

Gaskiya ce ya faɗa. Ya leƙa faifan, wurin ɗigon har ya bushe. Ya san yanzu faya-fayan nan za su yi shekaru, makulli zai zauna a aljihunsa, saurayin gindin bedi zai gaji da jira. Abin da ya kwana biyu yana roƙon Allah ke nan, ga shi an ba shi, amma ko ɗigon daɗi bai ji ba. Baƙin ciki ne ya cika masa ciki, da kunyar da bai san inda zai ajiye ta ba.

Tsohuwar ta dafa gwiwa ta durƙusa gaban fasasshiyar ƙwaryar. Ƙasa ta riga ta shanye ruwan, sai ɗan taɓo mai duhu da ya rage. Ta sa yatsu tana tattara shi a tafin hannu, a hankali, kada ko kaɗan ya ɓace. Kyauta ta matso za ta ɗaga ta, ta girgiza kai. Ta rarrafa zuwa tayar, ta ɗaga hannun mai taɓo kusa da baƙar robar, nesa da ƙarfe. Sai ta tsaya. Ta juyo ta dubi ɗanta da idonta mai gani.

"Nan hwa, Lurwanu? Bisa roba. Ba ya yi ma ɓarna?"

Matar da ta haife shi ce, wadda ba ta taɓa neman izinin kowa a ƙofar gidan nan ba, take jiran amsarsa da hannu a sama. Ya gyaɗa kai. Da ƙyar ya ce, "Ba komi, Inna. Shahwa."

Ta shafa, bakinta yana motsi. Ta miƙe da ƙyar, ta zagaya gaban motar tana dafa ƙarfen gaba, ta isa ɗaya tayar da sauran taɓon a hannunta. A nan ma ta tsaya, ta juyo, ta sake tambayarsa.